Shaho A Kan Turken Lantarki Da Himmar Muridi



Masu kiwon tantabaru a Birnin Ƙonni da Illela sun san shaho sanin asara. Wannan tsuntsu ba ya gina sheƙa. Tsohuwar sheƙar hankaka a kan turken lantarki ta ishe shi, ko wani lungu a dogon gini. 'Yan'uwansa na Landan da Niyok a saman benaye suke ƙyanƙyasa, har mutane na kafa musu kyamara suna kallo dare da rana. Macen takan kwanta a kan ƙwai uku ko huɗu wajen wata guda, namijin yana kawo mata kurciya ko tantabara. Mafi saurin irinsu, idan ya naɗe fukafukai ya faɗo daga sama, gudunsa yana wuce kilomita 300 a awa.

Amma abin da mai kallo zai fi amfana da shi ba saurin ba ne. Duk da wannan baiwa, shaho yakan kai hari ya kuskure, ya sake kaiwa ya kuskure. Garken tantabaru ya watse, shi kuma ya koma kan turke ƙafa ba komai, 'ya'ya na kuka. Ba ya yin zuciya. Yakan gyara gashinsa, ya ci gaba da dako, kuma idan ya tashi, ɗaya tak yake zaɓa cikin garken.

Shehu Abdulƙadir Jilani (RA), wanda ya yi wafati a Bagadaza a 1166, ana yi masa laƙabi da Bazul Ash'habu, wato farin shaho. Ɗarikarsa ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riƙa, shi da aka haifa a 1754 a Maratta kusa da Galmi, nan ƙasar Malbaza.

Abin takaici, yau sai a ga muridi ya karɓi wuridi, ya yi wata biyu bai ga mafarki ba, bai ji sanyi a zuci ba, sai ya ajiye carbi. Wani kuma ya tattaro addu'o'i goma daga waya, wannan na buɗi, wancan na kasuwa, bai riƙe ko ɗaya ba. Wanda wuridinsa ya bushe haka, ya je ya faɗa wa muƙaddaminsa ba tare da kunya ba, sannan bayan sallar Asuba ya zauna inda ya saba zama ya ja adadin da aka yi masa izini.