Doka Tana Nan, Wa Zai Tsaya wa Yaro?



A shekarar 2003 Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara, amma ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. A nan Jigawa sai a watan Disamba na 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara a Dutse. Jaririn da aka haifa a 2003 ya cika shekara 18 kafin kariyar ta iso ƙofar gidansu. Mun gode wa Allah da ta iso, sai dai doka ba ta da ƙafar da za ta taka zuwa caji ofis. Mu ne ƙafafunta.

Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana a tsare yaro tare da manyan fursunoni. To, in yaron ba shi da takardar haihuwa, da me za a tabbatar da ƙuruciyarsa? Saboda haka kowane iyali ya yi wa 'ya'yansa rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ya adana takardar tare da katin baftisma.

A 1841 Waliyyi Yohanna Bosko ya shiga kurkukun birnin Turin a Italiya, ya tarar da samari a kulle, babu mai leƙo su. Ya gane cewa yawancinsu suna sake komawa ciki domin ba su da mai riƙe hannunsu in sun fito. Sai ya tara su, ya koya musu addu'a da sana'a.

Mu ma haka ake bukata daga gare mu, daga Dutse zuwa Kiyawa da Jahun. In an kama yaron maƙwabci, Kirista ne ko Musulmi, mu raka iyayensa, mu faɗi shekarunsa. In an ci zarafin yarinya, kada a rufe maganar da kuɗin sulhu. A kai ta asibiti, a sanar da hukuma. In yaro ya fito daga tsare, masu sana'a a Ikilisiya su karɓe shi koyo.

Ubangijinmu ya lissafta ziyarar ɗaurarru cikin abin da za a tambaye mu ranar shari'a. Allah ya ba mu alherin amsawa. Amin.