Maimaici: Tsakanin Zikiri da Waswasi

A shekarar 1987 wani mai fasaha Ba'amurke, Bruce Nauman, ya jera akwatunan talabijin a ɗaki mai duhu, yana nuna ɗan kama yana maimaita magana guda ba iyaka, da nufin mai kallo ya ɗanɗani ƙuncin zuciya. 

Mas'alar da wannan aiki ya tayar ita ce, me ya sa maimaici, wanda shi ne ruhin wuridi da hailala, yake sanyaya ƙirjin mai zikiri, amma ya azabtar da wanda ya sake alwala sau bakwai bai gamsu ba? A ganina bambancin yana ga niyya da haddi, domin mai tasbihi ya san Wanda yake ambato, ya kuma san adadin da zai tsaya, alhali mai waswasi kansa kawai yake kewayawa. Saboda haka Risala ta Ibn Abi Zaid ta hukunta cewa wanda shakka ta aure shi cikin salla ya yi watsi da ita, ya yi ba'adi kurum.