Haƙƙin Tsohon Da Ya Daina Gane Kowa

Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa hankali sharaɗi ne na taklifi. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ba a binsa salla, ba a binsa azumi. Tsohon da gigin tsufa ya kama, har ya kai bai san ɗan cikinsa ba, bai bambance Azahar da La'asar, yana cikin wannan hukunci. Alƙur'ani mai girma ya ambaci wannan mataki na rayuwa a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5. To, tunda shari'a ta daina binsa bashi, shi ma ya daina bin jama'a ke nan?

Ko kusa. Abin da ya faɗi daga kansa, a kan waɗansu ya sauka. Ciyar da mahaifi matalauci wajibi ne a kan ɗa mai hali, jinyar wanda ba shi da kowa kuwa farilla ce ta kifaya: in aka rasa mai yi, laifin ya hau kan gari duka. Shari'a ba ta gindaya sharaɗin cewa sai majinyaci ya gane mai jinyarsa ko ya gode masa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, babu maita ko sammu a cikinsa, ko da yake tsofaffi mata da yawa sun sha wannan ƙazafi. Likitoci suna da fanni na jinyar ƙarshen rai, wanda aikinsa sauƙaƙa raɗaɗi ga wanda ba a sa ran warkewarsa. Cicely Saunders ta buɗe gidan irin wannan jinya a Landan a 1967. Tun kafin nan, asibitin waƙafi da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana karɓar mai kuɗi da talaka, har da masu taɓin hankali. A Nijeriya wannan fanni ya taru ne a manyan asibitocin koyarwa irin na Ibadan, kuma masu ciwon daji ya fi dubawa.

A dubi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, masu iyaka da dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari. Duniya ta ji labarin ɗalibai sama da 300 da aka sace a Ƙanƙara a Disambar 2020, amma ba a ba da labarin tsohuwar da aka goya cikin dare ana gudun hijira. Mai gigin tsufa da sabo yake rayuwa: ya san ƙofar ɗakinsa, ya san inda buta take. Ranar da aka sauke shi a gidan wani a Funtuwa, ɗan abin da ya rage masa ya tafi. Sai ya riƙa fita neman gida, a kulle shi, wani lokaci har a ɗaure. Nauyin duka kan faɗa kan 'ya ko matar ɗa guda, wadda ba wanda ya taɓa koya mata komai, alhali attajirin birni yana da likita da mai jinya na haya.

Wani zai ce masu sauran kwana ma ba su sami magani ba, ina ga wanda ya kusa kabari? Maganar tana da nauyi, ba a raina ta. Sai dai abin da wannan tsoho ke bukata bai kai tsadar gini ba: maganin raɗaɗi, juya shi a shimfiɗa don kada bayansa ya yi gyambo, abinci mai ruwa-ruwa a hankali don kada ya shaƙe, tsarki, da mai laƙƙana masa kalmar shahada. Ma'aikacin lafiya na karkara zai iya koyon wannan ya koya wa matan gida, kuɗin zakka da waƙafi su sayi magani da sabulu. Limami kuma ya san gidajen da ke da irin waɗannan tsofaffi a unguwarsa, yana iya raba wa maƙwabta kwana, domin matar ɗan nan ta sami barcin dare ɗaya a mako.