Fuka Ba Ta Jiran Motar Kano

Jama'ar Ɗambatta, Bichi, Tsanyawa da Minjibir, hunturu na tafe da ƙurarsa, ga ƙaiƙayin sussuka, ga hayaƙin kara a madafa. Lokacin nan ne fuka, wato asma, ke kayar da yaranmu, har da samarin da suka tafi cin rani suna dako a kasuwar Dawanau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cutar ta kashe mutum 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda magani ba ya isa hannun mai ciwo da wuri. Ɗan birni in numfashi ya sarƙe masa, Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano suna kusa. Namu kuwa sai an tashi mai mota da tsakar dare, an nemi rancen kuɗin mai. Don haka dole mu tari ciwon tun yaro na tafiya da ƙafarsa.

A ciwon fuka, hanyoyin iska na huhu ne ke kumbura su tsuke. Maganin shaƙa iri biyu ne: mai buɗe ƙirji nan take, da na kullum mai kwantar da kumburin, wanda shi ne ke hana kwanciya asibiti, shi ne kuma aka fi rasawa a kemis ɗin ƙauye. Ana cewa wanda ya fara shaƙa ba ya bari. Amma maganin ba ya kama jiki. Ciwon ne mai daɗewa, kamar hawan jini. Masu cewa maganin ya yi tsada suna da gaskiya, musamman tun da kamfanin GSK mai yin Ventolin ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya a 2023. Amma a lissafa kuɗin mota, da gado, da iskar numfashi, da akuyar da aka sayar, a ga wanne ya fi cin aljihu. Shi kuwa turara hayaƙi ga mai fuka, ko da niyyar magani, ƙara toshe ƙirjinsa ne.

Tsadar ma ba ta magidanci shi kaɗai ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware asusu domin ƙananan asibitoci, Kano kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Dagatai, masu unguwanni, limamai, ku zauna da kwamitin asibitin mazaɓarku, ku rubuta sunayen masu fuka, ku matsa a yi wa marasa hali rajista, ku tambayi dalilin da ya sa babu maganin shaƙa a ɗakin magani. Iyaye kuma, in yaro ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko fatar haƙarƙarinsa tana lotsawa, a shaƙa masa mai buɗe ƙirji a kama hanyar asibiti a daren, kada a ce sai gari ya waye.