Abin Lura: "A Zo a Sauke Ni"

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin famfon unguwa da sassafe ya san wannan. Mace za ta cika daronta da ruwa, ta naɗe gammo ta ɗora a ka, sannan ta waiga. Duk wadda ke kusa, ko sun san juna ko ba su sani ba, sai ta ce mata, "Baiwar Allah, ɗan kama mini." Waccan ba ta tambayar ta daga wane gida take, ba ta kuma cewa don me kika cika shi haka. Ta kama gefe, mai kaya ta kama gefe, su cicciɓa, ta daidaita wuya ta kama hanya.

Abin lura yana ƙarshen tafiyar. Tun daga zaure za ka ji muryarta: "Wa ke ciki? A zo a sauke ni!" In ba kowa a gida, haka za ta tsaya, wuya na sagewa, ruwa na bin bayanta. In ta yi gangancin saukewa ita kaɗai, ko ruwan ya ɓare ko wuyan ya gurɗe. Ƙarfin da ya kawo kaya gida bai isa ya sauke shi ba, sai da hannun wani.

A unguwanninmu akwai iyayen da suka shekara da shekaru a tsaye haka. Su ne iyayen yara masu lalurar otizim, wadda ake kira galahanga, da masu lalurar rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD, da sauran yaran da halinsu ya gagari gida. Ba su da kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da otizim. Alamun sukan bayyana kafin shekara uku: a kira sunan yaro bai waiga ba, ba ya son haɗa ido, magana ta yi jinkiri, ya nace wa abinci iri ɗaya ko wasa iri ɗaya. Ƙarar janareto ko lasifikar biki, da mu muke jin ta hayaniya ce kawai, shi azaba ce a kunnensa. Da yake bakinsa bai iya faɗin abin da ke damunsa ba, sai ya faɗa da ihu, da birgima, da buga kai a bango. Wani ba ya barcin dare. Wani da an bar ƙofa a buɗe ya fice. Uwarsa ko wanka za ta shiga, kunnenta na tsakar gida.

To, me muke ba wannan uwa? Baki muke ba ta. "Ke kika sangarta shi." "Bulala ce maganinsa." "Wannan ai ɗan ruwa ne." "Sammu aka yi masa, ki tashi tsaye." Alhali lalurar daga yadda ƙwaƙwalwa ke girma take, ba daga sakacin uwa ba, kuma duka ba abin da yake ƙara wa irin wannan yaro sai firgici. Sannu a hankali sai ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, har gaisuwar mutuwa ta koma aikawa, don ta gaji da idon mutane. Uba kuwa yakan haɗiye nasa, domin a majalisa ba a irin wannan hira.

Iyayen da aka bari su kaɗai sukan kai ga shawarar da ba su taɓa zato ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, ciki har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Wata mai bi aka bankaɗo irinsa a Daura. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, wasu saboda shaye-shaye, wasu don an ce sun kangare. Kafin mu la'anci waɗannan iyaye, mu tambayi kanmu ina maƙwabta suke a shekarun da gajiya ke cin su.

Taimakon da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Ba a ce ki ɗauke mata ɗa ba, awa ɗaya ake nema. Ƙanwar uba ko maƙwabciya ta ce, "Yaya, duk ranar Talata bayan la'asar zan zo in zauna da shi, ke ki kwanta." Sai dai ta cika alkawari, ta zo a ranar, a lokacin, domin irin waɗannan yara da sabo suke samun natsuwa, sauyin ba-zata kuma yana rikita su. Mai shago da ɗan acaɓan bakin layi su san fuskar yaron da ke ficewa, su san gidansu. Mai biki ya juyar da lasifika daga katangarsu. Malamin Islamiyya ya gane cewa yaron da ya kasa zama wuri ɗaya ba raina shi ya yi ba, ya sa shi share allo ko raba littattafai, ya riƙa gajarta masa karatu. Mu kuma mu tsawata wa namu 'ya'yan, su daina bin sa da tsokana da jifa.

Addini ma nan ya nuna mana. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, don tausayin uwar. Jama'a guda ce ta sassauta saboda mace ɗaya da ɗanta. Ba a kore ta daga sahu ba.

Su ma iyayen suna da abin ba juna. Uwar da ta gano dabarar yi wa ɗanta aski ba tare da ihu ba, tana riƙe da ilimin da wata ke kwana tana nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani horo na masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9, wanda ya ƙunshi zaman rukuni 9 da ziyarar gida 3, aka kuma gwada shi a ƙasashe irin su Habasha da Kenya. Ba sai babban likita ne zai jagorance shi ba, ma'aikacin lafiya da aka horar ya isa. Matan da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba za su kasa riƙe irin wannan zama ba, in mai unguwa ya ba da zaure, asibitin sha-ka-tafi ya ba da ma'aikaci.

Addu'a da asibiti kuma ba kishiyoyi ba ne. Akwai likitoci a Asibitin Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Sau da yawa kuɗin mota da rashin ɗan rakiya ne ke hana zuwa, wannan kuwa aikin dangi ne. Dokar hana wariya ga masu bukata ta musamman, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi, amma sai an samu mai raka uba ofishin shugaban makaranta sannan dokar take aiki.

In akwai irin wannan gida a layinku, ku yi sallama a wannan makon. Ku ajiye shawara, ku yi tambaya uku: me yake so, me ke firgita shi, yaushe zan zo? Allah Ya ba iyayen nan juriya, mu kuma Ya sa mu zama maƙwabtan da za su yi shaidar alheri a kanmu.