Tsoron a kira mu "mijin-ta-ce"

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata kalma da ke yawo a bakunanmu, a fada wurin shan shayi, da kasuwa, har da ƙofar masallaci, wato "mijin-ta-ce". Da ita muke yi wa mai sauraren shawarar matarsa ba'a. Mai faɗinta yana ganin wasa ne, alhali ɓarnarta a gidajenmu ba ƙarama ba ce.

Mace ta ce yaro na zazzaɓi, a kai shi likita, sai miji ya jinkirta kwana biyu don kada a ce da umurninta ya tashi. Ta ce kada a sayar da hatsin rumbu tun da kaka, sai ya sayar don ya nuna shi ne mai gida, damina ta tarar da su cikin bashi. Wani ya yi saki cikin fushi, ya kwana da nadama, amma ya kasa mayar da matarsa har idda ta cika, saboda bakin abokai da dangin da za su ce an mallake shi. Ɗansa kuwa na gefe yana kallo, gobe abin da ya gani shi zai yi.

To, wa ya kai Manzon Allah (SAW) mazantaka? A shekara ta 6 bayan Hijira, a Hudaibiyya, ya umurci sahabbai su yanka hadayarsu su yi aski, amma baƙin cikin sharuɗɗan sulhu ya hana kowa motsi. Sai Ummu Salama (RA) ta ba shi shawara ya fita, kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa, ya kira mai aski. Ya yi haka, nan take sahabbai suka bi. Buhari ne ya ruwaito. Kuma a Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah ya rataya yaye jariri kafin shekara 2 ga yarda da shawara tsakanin uba da uwa.

Wani zai ce ai Allah ya ba maza shugabancin gida a Suratun Nisa'i, aya ta 34. Gaskiya ne, amma shugabanci amana ce da za a tambaye mu a kanta. Ba mu ce a bi kowace shawara ba. A saurara, a auna, a ɗauki mai amfani. Ƙin gaskiya da raina mutane kuwa shi ne girman kai, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Wanda ya ƙi gaskiya don tsoron dariyar abokai, ai su ne suka mallake shi.

Saboda haka mu kame bakinmu daga wannan kalma, mu tsawata wa mai faɗinta a majalisunmu. Allah ya gyara mana gidajenmu, amin. Wassalamu alaikum.