Mashayin Giya: Mugu Ne Ko Marar Lafiya?

Akwai tambayar da ke damun iyalai a ƙauyukanmu na ƙasar Kankiya da Kusada, musamman bayan kaka, sa'ad da dawa ta shiga rumbu, bukukuwa suka yawaita. Mutumin da ya yi wa Fada alkawari sau goma cewa ya bar giya, sau goma kuma ya koma, shin mugu ne ko kuwa marar lafiya? Matarsa tana bukatar amsa, domin hatsin 'ya'yanta ne ake aunawa a sayar.

Bari mu fara da abin da masana suka gano. A cikin ƙwaƙwalwa Allah ya shimfiɗa wata hanya ta jijiyoyi wadda ke koya wa mutum neman abin da zai raya shi, kamar abinci da ruwa da zumunci. Sinadarin da ke ɗaukar saƙo a wannan hanya shi ake kira dofamin. A 1988 wasu masana biyu a Italiya, Di Chiara da Imperato, suka nuna a jikin ɓeraye cewa giya tana ƙara kwararar dofamin a wannan hanya, kamar yadda hodar iblis da sinadarin taba suke yi. Giya, ke nan, tana shiga ta ƙofar da aka yi domin tuwo.

Abin da ya fi ban tsoro ya fito a binciken Wolfram Schultz a kan birai, wanda aka buga a 1997. Da zarar dabba ta saba, dofamin ba ya jiran ladan ya iso. Yana tashi tun daga alamar da ke cewa ladan yana tafe. Ga mashayi, alamar ita ce warin tukunya, da hanyar da ke bi ta bayan gidan da ake dafa burkutu, da muryar abokan sha. Kafin ya yi shawara, jikinsa ya riga ya kama hanya. Da tafiya ta yi nisa kuma, ƙofofin da ke karɓar dofamin sukan ragu, kamar yadda Nora Volkow da abokan aikinta suka gani a hoton ƙwaƙwalwar mashaya a Amurka a 1996. Daga nan gona da 'ya'ya da Misa duk sai su yi masa lami. Ƙwaɗayin yana ƙaruwa, daɗin yana raguwa. Wanda ya taɓa ganin dattijo yana sha fuska a murtuke ya san haka.

Ikkilisiya ba baƙuwa ba ce ga wannan magana. Waliyyi Agustin ya kwatanta ta da sarƙa: mutum ya so, son ya zama sha'awa, sha'awar da aka biye mata ta zama sabo, sabon da ba a yi tsayayya da shi ba ya zama tilas. Katikizim na 1992, a sakin layi na 1735, ya koyar cewa sabo yana iya rage nauyin laifin mutum.

Sai dai mu lura da inda sarƙar ta soma. A ganina laifi ya fi nauyi a farkon hanya, lokacin da 'yancin mutum yake cikakke, ya fi sauƙi kuma a ƙarshenta. Mu kuwa mun juya abin. Saurayin da ya ɗauki ƙwaryar farko a wurin gayya mukan yi masa kirari, ya zama namiji. Wanda ya shekara ashirin a ɗaure shi muke kora daga zumunta. Babban da ya miƙa wa yaro ƙwarya, alhali ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama nuna ba sai ya haura shekara 20, yana da tambayar da zai amsa a gaban Allah. Haka ma mai sayar wa yara 'yar barasar leda, wadda ta fi burkutu ƙarfi ninkin ba ninkin.

Wannan bai wanke mashayi ba. Ko ya kasa tsayawa in ƙwarya ta zo hannunsa, da safe yana da ikon sake hanya, ya bai wa matarsa ajiyar kuɗin amfanin gona, ya faɗi gaskiya a wurin furta zunubi. A kan wannan ɗan 'yancin da ya rage za a tambaye shi. Matt Talbot, lebura a Dublin, ya bar giya a 1884 bayan shekaru na maye, yana fakewa a majami'a a sa'o'in da ya saba sha, bai koma ba har rasuwarsa a 1925.

Tun 2000 dokar Jihar Katsina ta hana sayar da giya, amma doka ba ta kai ga dofamin, kuma mai sha a ɓoye ya fi wuyar taimako. Majami'unmu su sa masa ido, su ba shi abokan zama na yamma. Wanda kuma ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai, gama rawar jiki da farfaɗiya suna iya biyowa, har su kai ga mutuwa. A raka shi asibitin Kankiya, likita ya duba shi tukuna.